Shekarar da Na Bar wa Sa'idu Limanci

Na fara da sunan Wanda ya san abin da mutum ya bayyana da abin da ya rufe. Wannan babin na daɗe ina kewaye shi. Na rubuta muku zancen ƙuruciyata da auren uwarku ban sha wuya ba, amma wannan sau uku ina ɗaukar alƙalami ina ajewa. Abin da ya sa na daure shi ne maganar da ta kai kunnena, cewa kai Abdulƙadiri, babban ɗiyana, ka ce wa ɗan baffanku a wurin suna, gaban mutane, limancin masallacin unguwarmu gadon ubanka ne anka ƙwace. Ban ga laifinka ba. Abin da kunka taso kuna ji ke nan, ni kuma na ji ana faɗa na yi shiru shekara da shekaru. To ku saurara. Baffanku Sa'idu bai ƙwace mini komi ba. Ni na ba shi, kuma sai da na roƙe shi kafin ya karɓa.

Mu biyu Allah ya bar wa kakanku, ni babba, Sa'idu ƙarami. Baba shi ne limamin ƙaramin masallacin da ke bayan kasuwar Filinge, ni kuma gabansa na yi karatu tun ina tsallen ƙasa har na yi gemu. Sa'idu lakwal anka sa shi, wato makarantar boko, ya yi ƴan shekaru ya fito ya kama saye da sayar da hatsi, yau Tabla, gobe Abala, ba ya zama wuri guda. Babu wanda ya taɓa tambayar wa zai gaji Baba. Kowa ya sani, ni ma na sani, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina so. Ina son tsayuwar nan ta gaba, in kai ƙarshen Fatiha in ji "amin" ta taso bayana kamar an buɗe ƙofa iska ta shigo. A gida kuma akushi guda muke ci a zaure, Baba da ni da Sa'idu da duk baƙon da Allah ya kawo. Ran kasuwa shinkafa da wake, da damina kwaɗon ganye da Zabarmawa ke ce wa kopto, da hantsi kuwa furar Inna. Akwai wata Bafillata da ke kawo mata nono kullum daga rugarsu, Inna ta dama da hannunta, ba ta yarda wata ta taɓa ƙwaryar. Da yake ni ne ɗan farinta, ba ta kama sunana, Malam Ƙarami take ce mini, kuma ni take fara miƙa wa ludayi.

Ina da shekara talatin da wani abu ciwon ya fara, kuma bai fara da ƙarfi ba. Cikina ya riƙa kumburi bayan na ci abinci, kamar an hura salka. Daga nan murɗa ta shigo, irin wadda ke sa mutum ya dafa bango ya jira ta wuce. Wani mako gudawa, in kewaya sau huɗu sau biyar kafin rana ta ɗaga. Wani mako kuma komi ya tsaya cik, kwana uku ina jin nauyi kamar na haɗiyi dutse. Ga iska da ba ta shawara da ni. Na sha saiwoyi, na sha jiƙo, na sha rubutu da hannuna, wani ya ce basir ne, wani ya ce tsutsar ciki. Sai in samu sauƙi wata guda in ce ya tafi, sai ya dawo ran da ban zata ba. Ban rame ba, ban kwanta ba, wanda ya gan ni a hanya zai ce ga lafiyayye. Uwarku Zali kaɗai ta sani, don ita ke cika buta tana ƙara cikawa.

A shekarar da nake ba ku labari, bayan an gama girbi, ƙafafun Baba sunka ƙi ɗaukarsa, ya ce in shiga gaba. Makon farko lafiya lau. A mako na biyu, a sallar asuba, ina cikin raka'a ta farko na ji murɗar ta zo, kafin in kai ruku'u alwala ta tafi. Littattafanmu sun faɗi abin da liman zai yi in haka ta same shi: ya jawo wani daga sahun farko ya ƙarasa, shi kuma ya fita yana riƙe da hanci, don mutane su ɗauka haɓo ne, a rufa masa asiri. Na miƙa hannu baya, rigar da na kama ta Sa'idu ce. Na jawo shi, na riƙe hanci, na ratsa sahu na fita. Na karanta wannan hukuncin tun ina saurayi, ban taɓa tsammanin kaina anka rubuta wa shi ba. Bayan kwana goma ya sake faruwa a la'asar, sannan ya sake. Mutanen unguwa, Allah ya saka musu, sunka shiga kawo mini maganin haɓo. Wannan ya ce in shaƙi kaza, wancan ya ce in daina tsayuwa cikin rana. Ina karɓa ina godiya. Daga nan sai tsoron ya fi ciwon. Da na ji ladan ya ta da iƙama sai cikina ya amsa, kamar shi anka kira. Na koma karanta gajerun surori ina sauri, na daina cin komi in lokacin salla ya kusa, ga shi kuwa salla biyar ce, kusan ko yaushe wata na kusa.

Zali ce ta ce in tafi Yamai. Ina ninke rawani ta tsaya bakin ƙofa.

"Malam, saiwa ta ƙare, jiƙo ya ƙare. Ka tafi a duba ka."

"In ce wa Inna mi?"

"Ka ce littafi za ka saye. Ka sayi littafin, don kar ka yi ƙarya."

Tun jajibirin tafiyar ban sa komi a bakina ba, don kar in tsai da mota cike da mutane a kan hanya. Na roƙi wurin zama kusa da ƙofar motar hiyas, na rungume butata har Yamai. Kwana huɗu na yi gidan wani abokin Baba. A asibiti anka ɗebi jini, anka duba bayan gida, anka shafa mini wani abu mai sanyi a ciki anka kalli hanjina a gilashi. Lokotoron, wato likitan, dattijo ne, yana jin Hausa da gargada. Ya jera takardun gabansa ya ce duk ba su nuna komi ba. Ku yarda da ni, ban yi murna ba. Na so a ce ga abu, a yanke shi a jefar.

"Ba ƙarya kake ba, ciwon gaskiya ne," in ji shi. "Mu kolofati muke ce masa. Hanjin lafiya yake, amma mai saurin fushi ne. Wani abinci na ta da shi, damuwa na ta da shi. Ba ya kisa."

"Yana warkewa?"

"Yana kwanciya, yana tashi. Za ka koyi zama da shi."

Na ce masa ni liman ne, ina so in san ko zan iya riƙe alwala daga kabbara zuwa sallama. Ya cire tabarau ya dube ni ya ce wata rana zan iya, wata rana ba zan iya ba, kuma ba shi da maganin da zai faɗa mini wace rana ce wace. Ya rubuta mini ƙwayoyi na rage murɗa, ya ce in riƙa lura da abin da na ci kafin ciwon ya tashi, in fara da aje nono da wake in gani. Na sayi littafin da Zali ta ce, na dawo gida.

Gaskiyarsa ce, da na aje nono da wake da mai da yawa, abin ya ragu, ko da yake bai tafi ba. Amma ajewar ba a ɓoye take yiwuwa ba. Zali ta fara yi mini tuwon hatsi da miya marar yaji a ƙaramin kwano, ina ci ni kaɗai a ɗaki, ina jiyo hirarsu da dariyarsu daga zaure. Ran farko da Inna ta miƙo mini ludayi na ce na ƙoshi, ta miƙa wa Sa'idu. Rana ta biyu ma haka. Rana ta uku ta aje ƙwaryar ƙasa.

"Malam Ƙarami, mi yas samu furata?"

"Babu komi, Inna. Cikina ne ba shi so."

"Shekara talatin shina so. Yanzu ya daina?"

Da na zauna na yi mata bayani, da ta gane, uwa ce. Amma bayanin zai kai ga makewayi, zai kai ga haɓon da ba haɓo ba, ni kuma ban taɓa yin irin wannan zance da ita ba. Na ce Allah ya ba ta haƙuri, na tashi. Kafin wata ya ƙare zance ya fita unguwa cewa na daina cin abincin gidanmu don ina tsoron sammu, kuma tun da matar Sa'idu na cikin masu girki, ba sai an faɗi wanda ake nufi ba. Na ji, na ce zai wuce.

Baba ya rasu gab da faɗuwar ruwa. Dattawan unguwa sunka sa ranar naɗi bayan addu'ar arba'in. A kwanakin nan na buɗe littattafai na sake dubawa. Sallata ni kaɗai ingantatta ce, mai larura Allah ya yi masa sauƙi. Amma mai irin larurata ya zama shi ke jan lafiyayyu kullum, malamanmu ba su so haka ba. Ko da sun so, na san abin da nake ji a gaban nan. Ba Allah nake tunawa ba, cikina nake saurare. Mutum arba'in sun jingina sallarsu da wanda hankalinsa ke ga ƙofa. Saura mako guda na bi Sa'idu gona. Hatsi ya kai gwiwa, yana noman fari shi kaɗai a gefen da ke kallon tudun dutse. Ya aje hauya munka zauna ƙarƙashin gawo. Na fara kewaye-kewaye, ya tare ni.

"Yaya, na san ba haɓo ba ne. Ni kaka jawowa. Ban taɓa ganin ɗigon jini ba."

Sai na faɗa masa komi, tun daga buta har lokotoro. Shi ne mutum na biyu da ya sani. Da na gama na ce ina so ya karɓi limancin. Ya yi dariya kaɗan, don ya ɗauka wasa ne, da ya ga fuskata ya daina.

"Ni da izu nawa? Ni ɗan kasuwa ne, Yaya."

"Abin da salla ke bukata kana da shi. Saura ni ka biya maka kullum bayan asuba."

"To Abala fa? Liman ba shi kwana wani gari."

"Na sani. Shi ya sa roƙo nika yi, ba umurni ba."

Ya daɗe yana tonon ƙasa da tsinke. Sannan ya ce ya yarda, amma in tashi gaban dattawa in faɗi dalili, ko da a taƙaice, in ce ina da larura. Na ce ba zan iya ba. Ya ce mutane za su ce shi ya ture ni. Na ce zai wuce, kwana nawa ne. Na sa ya yi mini alkawari ba zai faɗa wa kowa ba, har Inna. Ya yi. Wannan alkawarin shi ne mafi nauyin abin da na taɓa ɗora wa mutum, kuma a lokacin ban ga nauyinsa ba, kunyata kawai nake gani.

Ran naɗi, da anka ɗauko rawanin Baba, na miƙe na ce na janye, a naɗa ƙanena. Anka tambaye ni dalili na ce tsakanina da Ubangijina ne. Wani dattijo ya ce ko an matsa mini, na ce a'a, amma na faɗe ta ina kallon ƙasa, kowa ya karanta abin da ya ga dama. Da na shiga gida Inna na zaune bakin ɗakinta cikin kayan takaba. Ba ni ta yi wa magana ba, Sa'idu ta duba, ga sabon rawani a kansa.

"Ka samu abin da kaka so."

Ya durƙusa ya ce ta sa masa albarka. Ta sa, a taƙaice, ta shige ɗaki.

Zancen bai wuce ba. Sa'idu ya bar fatauci ya koma ɗan tebur a bakin kasuwa, gidansa ya ji a jika. Shekara bakwai yana zuwa ɗakina bayan asuba da allo da littafi kamar ƙaramin ɗalibi, har ya zama malamin da kunka sani. Masu magana sunka ce ya zo ne ya kwashe sauran abin da ya rage mini. Akwai waɗanda sunka daina bin sa salla don kishina, su zo su gaishe ni suna girgiza kai, ni kuma in ce a bar zancen, wanda bai kashe zancen ba, ƙara masa rai ya yi. Sau ɗaya tak ya nemi in sake shi daga alkawarin, lokacin da Inna ta kwanta ciwon ajali. Ya same ni a soro ya ce ba ya so ta tafi tana ganinsa haka. Na ce bari ta ɗan samu sauƙi, ni da kaina zan faɗa mata. Ba ta samu sauƙin ba. Shi ya yi mata salla, ina sahun baya. Bai taɓa tayar mini da wannan maganar ba har ya bar duniya.

Zali ta sha ce mini in faɗa muku. Na ce sai kun girma, da kunka girma na ce an wuce wurin. Yanzu da nake rubutawa ina mamakin ƙanƙantar abin da na ɓoye. Ciwon ciki ne. Ban yi sata ba, ban ci amanar kowa ba. Amma mu an tashe mu a kan cewa akwai abin da babba ba ya faɗa, ni kuma na riƙe wannan fiye da yadda na riƙe haƙƙin ƙanena.

Kun taso kun gan ni mutum mai ƙin shiga jama'a. Kuna cewa Baba ba ya zuwa walima, Baba ba ya kwana ƙauye, Baba kullum ƙarshen sahu kusa da ƙofa. Ba ƙin mutane ba ne. Duk inda za ni sai na fara lissafin ina makewayi yake, wa zai gan ni in na tashi, me za a kawo a faranti da ba zan iya mayarwa ba. Ran auren ƴar'uwarku Rabi a Tabla da na juyo tun kafin a ɗaura, ba fushi na yi da mijinta ba. Na koyi zama da ciwon kamar yadda lokotoro ya ce. Na san abin da cikina ke karɓa, na san tafiyar ƙafa da yamma na taimakona, na san in raina ya kwanta shi ma yana kwanciya, wani lokaci wata uku ban ji shi ba. Na gode Allah, wasu nasu ya fi nawa. Amma har yau in na wuce wani zaure na ga hannuwa cikin akushi guda, ana ture wa juna loma mai nama, sai in rage tafiya. In na ji ƙamshin sabuwar fura an zuba mata nono, Inna nake gani da ludayi a hannu tana jira in karɓa.

Akwai abu guda da ban taɓa ba kowa labarinsa ba, ko uwarku. Shekara ashirin da wani abu bayan naɗin, munka tafi gaisuwar mutuwa Abala ni da Sa'idu, don wanda ya rasu abokin Baba ne, ba yadda zan ƙi. A hanyar dawowa motar ta lalace a fili, babu gari kusa sai wata ruga can nesa. Sauran fasinjoji sunka nufi rugar neman ruwa, direba ya shige ƙarƙashin mota. Rana ta faɗi. Munka yi alwala da ruwan butata, munka shimfiɗa rawanin Sa'idu a kan rairayi. Na ja baya na tsaya damansa kamar kullum. Bai motsa ba.

"Shiga gaba, Yaya."

"Ka san halina."

"Na sani. Ni kaɗai ne. In alwalar ta tafi, mu sake."

Na shiga. Na ɗaga hannu na yi kabbara, muryata ta fita cikin filin nan har ta ba ni tsoro, don na manta yadda take in an sake ta. Na karanta Fatiha, na kai ƙarshe, na ji amin guda ɗaya a bayana, ta mutum ɗaya, tsoho kamar ni. Na ɗauko sura na ci gaba. Cikina bai ce komi ba, daga farko har sallama. Munka zauna muna tasbihi, shanun rugar na wucewa can gefe ana kora su gida. Da ya shafa addu'a ya juyo ya dube ni.

"Ashe muryar tana nan. Amma mi ya sa ka ɗauko gajerun surori? Babu mai jiranmu."

Na ce sabo ne. Ya ce to wani karon in ja doguwar sura, yana son ji. Na ce in Allah ya so.

Kafin girbin shekarar ya rasu. Ban sake shiga gaban kowa ba. Yanzu na tsufa, abubuwa da yawa da na so a duniya sun sake ni, ba na ko tuna su. Amma da za a ce in zaɓi wuri guda in koma, filin nan na hanyar Abala zan zaɓa, in tsaya a kan rawaninsa, in ɗauko doguwar sura, in karanta ta a hankali har ƙarshe yana bayana yana ji.